Na'ura ba ta da kunne: darasin da na ɗauko daga wani biki a Gidimuni

A sanyin bara, bayan sallar isha'i, na tsaya a bayan taron wani biki a nan Gidimuni ina kallon ɗan ƙanwata yana shan kunyar da ban taɓa ganin ya sha irinta ba. Shekara shida ke nan yana kaɗa jita, kuma a garin nan da ƙauyukan kewaye in za a yi biki da jita sunansa ake fara ambata. Amma a daren nan, da ya taɓa tsirkiya sai wata ƙara mai kaifi ta fito daga lasifika kamar ana yanka kwanon rufi da zarto. Da masu ganga suka shigo kuma sai jitar ta ɓace ɗungum, ana ganin yatsunsa suna gudu, ba a jin komai. Ya duƙa yana latse-latsen maɓallai, mata sun tsaya da rawa suna jiransa. Can injin wuta ya yi tari, na'urar ta mutu, ta ɗauki lokaci kafin ta farfaɗo. Wata dattijuwa daga dangin ango ta ɗaga murya ta ce, "Yaro, ina tsohon akwatin naka?"

Tsohon akwatin kuwa ya sayar da shi mako biyu kafin ranar. Ya haɗa kuɗin da na ragon da uwarsa ta yi wata takwas tana kiwo, ya aika aka sayo masa sabuwar na'ura daga Kano.

Washegari da sassafe ƙanwata ta zo gidana, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, kai ka ɗaure masa gindi tun farko. Ga shi rago ya tafi, akwati ya tafi, mutunci ya tafi. Ka ce masa ya ajiye abin nan ya koma garka." Na rasa amsar da zan ba ta, domin gaskiya ne ni na fara ɗora masa jita a cinya. Ni malamin lissafi ne da fizik a kwaleji, kuma tun ina ɗalibi a Damagaram nake ɗan taɓa jita don nishaɗin kaina. Na ce mata ta ba ni wata uku. Abin da na gani a cikin watannin nan uku shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata akwai iyaye da malamai da yawa da irin wannan magana za ta zo ƙofarsu, in ba a kan jita ba, to a kan wata na'urar.

Bari in fara da bayanin abin da yaron ya sayo, domin yawancin iyaye ba su san a kan me kuɗinsu yake tafiya ba. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta kaɗa sai a samu ɗan ƙanƙanen lantarki, a tura shi cikin amfilifaya, wanda mu a nan muke kira ampili, shi kuma ya ƙara masa ƙarfi ya miƙa wa lasifika. Kowane ampili da irin muryarsa. Na kamfanin Fender na Amurka an san su da sauti mai tsabta, na Marshall da aka fara ƙerawa a Landan a 1962 an san su da gurnani. Waɗannan manyan akwatuna suna da tsada da nauyi, akwai na Fender mai kusan kilo 30, kuma suna aiki da wasu kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila waɗanda ke ƙonewa a sake su.

Sai masu fasaha suka ce, me zai hana kwamfuta ta kwaikwayi muryar waɗannan akwatuna? A 1998 kamfanin Line 6 ya fito da wata ƴar na'ura ja mai suna POD, wadda ta yaɗa wannan dabara a duniya. A 2006 aka samu Axe-Fx na kamfanin Fractal, a 2011 kuma Kemper ta fito daga Jamus, wadda ke sauraren ampili na gaske ta kwafe muryarsa ta adana. Yau manyan ƙungiyoyin kiɗa irin su Metallica sun fi shekara goma suna hawa dandali da irin waɗannan na'urori. Masu araha kuma, na Japan da na Sin, sun cika kasuwa, su ne ke isowa hannun yaranmu ta Kano ko ta hannun ƴan'uwa masu dawowa daga Libiya da Aljeriya. Abu ne da bai fi littafin ɗalibi girma ba, ana ajiye shi a ƙasa ana taka shi da ƙafa, a cikinsa akwai kwaikwayon ampili da lasifika iri-iri da amsa-kuwwa da sauran kayan ado na sauti. Yaro zai sa shi a jaka ya hau kabu-kabu ya tafi biki, ya jona shi da manyan lasifikokin da aka yi haya, shi ke nan.

To me ya sa abin da ke yi wa manyan makaɗan duniya aiki ya kunyata yaronmu a Gidimuni? Da muka zauna muka bi abin daki-daki, sai muka tarar na'urar lafiyarta ƙalau. Kurakurai huɗu ne, kuma dukkansu na mutum ne.

Na farko, bai san bambancin lasifikar jita da lasifikar taro ba. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga mai karkarwa sau 20 a sakan har zuwa wajen sau 20,000, abin da muke rubuta wa ɗalibai da Hz a allo. Lasifikar da ke cikin ampilin jita ba ta iya fitar da abin da ya wuce wajen 5,000 sosai, kuma wannan gazawar tata ita ce ke tace kaifin sautin ya fito da daɗi. Lasifikar taro kuwa an yi ta ne ta fitar da komai. Don haka na'urar tana da wani sashe da ke kwaikwayon lasifikar jita. Yaron ya kwafi saitinsa daga wani bidiyo na YouTube, inda mai bayanin ya kashe wannan sashe saboda shi da ampili na gaske ya jona tasa. Shi kuma ya kashe nasa bai san dalili ba, ya jona da lasifikar taro. Ƙarar zarton da muka ji ke nan.

Na biyu, ya tsara sautinsa da dare a ɗaki, da abin sauraro a kunne, a hankali don kada ya tashi mutanen gida. Tun a 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunne ba ya jin sauti iri ɗaya a kowane ƙarfi. In ƙarar ta yi ƙasa, ba ka jin kauri da kaifi sosai, sai ka ƙara su. In aka ɗaga ƙarar a fili, wannan kaurin da kaifin su ne za su yi yawa. Shi kuma ya rage tsakiyar sautin saboda a ɗaki ya ji kamar ta cika hanci. Alhali tsakiyar nan ita ce gidan jita. Ganga ta mamaye ƙasa, tafi da guɗa sun mamaye sama, jitar ba ta da wurin tsayawa, sai ta ɓace.

Na uku, bai ji kansa ba. Shekara shida ampili yana bayansa yana busa masa sauti a ƙeya, har tsirkiya tana amsa wa lasifika, sautin ya daɗe bai mutu ba. Yanzu lasifikokin suna gabansa sun juya masa baya suna fuskantar jama'a. Shi ya ɗauka na'urar ce ke jinkiri. Na lissafa masa a takarda: sauti yana tafiyar mita 340 a sakan, jinkirin irin wannan na'ura kuwa kashi kaɗan ne cikin dubu na sakan, daidai da ka matsa taku ɗaya ko biyu daga lasifika. Abin da yake ji a makare shi ne sautinsa da ya bugi katangar gidan da ke fuskantarsa ya dawo.

Na huɗu, wuta. Tsohon akwatin in wutar inji ta yi ƙasa sai muryarsa ta shaƙe amma ya ci gaba. Sabuwar na'ura kwamfuta ce, in wuta ta yi ƙasa ko da ƙiftawar ido ne sai ta mutu ta sake tashi daga farko. Waɗanda suka ƙera ta ba su yi tunanin injin da ke ɗauke da fitilu goma da lasifika huɗu da cajin wayoyin rabin unguwa ba.

Kowace Asabar da la'asar muka riƙa fita fili da lasifika ɗaya ta haya da mai ganga ɗaya. Yana kaɗawa, ni ina tsaye can nesa ƙarƙashin dogon yaro, daidai inda mata ke zama a biki, ina yi masa alama da hannu. Muka kunna kwaikwayon lasifika. Muka yanke duk abin da ke ƙasa da 100 da abin da ke sama da 6,000. Muka mayar da tsakiya, muka rage amsa-kuwwa wadda ke cakuɗa masa saurin yatsu. Sautuka fiye da ɗari da ke cikin na'urar muka bar su, muka zaɓi uku: ɗaya mai tsabta na rakiyar waƙa, ɗaya mai ɗan kaushi na rawa, ɗaya mai ƙarfi na lokacin da jita ke magana ita kaɗai. Muka daidaita ƙarfinsu don kada ya taka maɓalli jama'a su firgita. Muka samo ƴar ƙaramar lasifika da za ta fuskance shi. Muka raba na'urar da injin, muka ba ta batirinta. Muka ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu. Duk abin da muka sauya sai ya rubuta a littafi da kwanan wata da dalili.

Wata rana a mako na biyar ya tsaya tsakiyar kiɗa ya ce, "Kawu, kaifin ya yi yawa, ko?" kafin in ɗaga hannu. Ranar na san kuɗin rago bai tafi a banza ba.

Yanzu ga maganata ga iyaye. Na lura mun kasu gida biyu a kan irin wannan abu, kuma duka biyun muna kuskure. Akwai masu cewa a hana, jita shashanci ce, na'urar kuma ƙarin shashanci. Akwai masu miƙa kuɗi su juya baya, suna ganin tunda an sayi abin zamani to an gama. Na farkon sun bar yaro ya koya a ɓoye a hannun wanda ba su sani ba. Na biyun sun bar shi da wayar salula ta zame masa malami. A duka gidajen biyu babu babba a kusa da yaron lokacin da yake bukatarsa.

Ba zan shiga muhawarar malaman addini a kan kiɗa ba, kowane gida da abin da ya riƙa, kuma ina girmama uban da ya ce a gidansa ba a yi. Tsoron da iyaye ke yi wa zaman dare da shaye-shaye da barin karatu shi ma ba tsoron banza ba ne, na ga yaran da suka lalace ta wannan hanya. Amma wanda ya riga ya yarda ɗansa ya yi wannan sana'a, to ya ɗauke ta a matsayin sana'a. In ɗanka zai koyi ɗinki ba ka saya masa keke ka ce ya je ya ɗinka rigar ango gobe. Kana kai shi wurin tela ya yi shekara yana sa maɓalli. Me ya sa in abin ya zo da allo da fitilu sai mu ɗauka ba ya bukatar koyo? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuskuren ɗan ƙanwata mafi girma shi ne ya kai sabon abu gaban jama'a bai taɓa gwada shi a fili ba, kuma ya sayar da tsohon kafin ya iya sabon. Kuskurena ni kuma shi ne na san yana shirin sayen, ban tambaye shi komai ba.

Akwai wasu abokaina, masu son kiɗa na gaske, da ke cewa waɗannan na'urori za su kashe mana sautinmu. Wannan magana tana da nauyi, don haka zan tsaya a kanta.

Da farko dai, mu Damagarawa ba mu da tarihin gudun kayan baƙi. Algaitar da ake busa wa Sarki a fada, sunanta ma daga Larabci ya zo, ta hanyar Arewacin Afirka. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, da ya ga bindigogi da igwa na zuwa ta hanyar Tarabulus, sai ya sa maƙeransa suka riƙa zuba igwa a cikin birni ana haɗa albarushi a gida. Jitar kanta baƙuwa ce. A 1978 Mamman Sani ya yi rikodin kiɗan Nijar da ogan ɗin lantarki na Turawa a Yamai, har gidan rediyo da talabijin suka daɗe suna amfani da shi. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak a jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko saboda gidansu ba sa so. Kundinsa na farko a Sakkwato ya yi shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta mawaƙan finafinan Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta katin memori har suka kai Amurka. Yau yana zagaya duniya. Bombino na Agadas kuma shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar kyautar Grammy, da kundinsa na 2018. Babu ɗayansu da kayan aikinsa suka fito daga ƙasar nan, kuma babu wanda zai ji su ya ce ba ƴan Nijar ba ne. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Amma abokaina suna da gaskiya a wuri ɗaya. In ka buɗe na'urar nan, duk muryoyin da ke ciki na Landan ne da Kalifoniya. Gardamar da Turawa ke yi, wai kwamfuta ta kai kwalba daɗi ko ba ta kai ba, ba gardamarmu ba ce, domin yawancin makaɗanmu ba su taɓa mallakar ampili mai kwalba ba. Sautin jitar bikin Agadas da duniya ke yabo ya fito ne daga ƙananan akwatuna masu araha da aka ƙure musu ƙara a fili, lasifika ta sha ƙura da rana. Wannan muryar babu ita a cikin jerin da kamfani ya zuba. Yaron da bai san muryar gidansu ba, in aka ba shi muryoyi ɗari na aro, zai zaɓi wadda ya ji a bidiyo. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Na ji yara a Damagaram suna kaɗa jita da gurnanin da ya dace da filin wasa na Turai, a kan waƙar da gurumi ya haifa, abin ya zama kamar an sa wa raƙumi sirdin doki.

Maganin wannan yana wurin kunne, kuma kunne a gida ake gina shi. Ina yawan tuna marigayi Malam Maman Barka, haifaffen Taskar a jiharmu ta Damagaram, wanda malamin makaranta ne kamarmu kafin ya shahara da gurumi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu iya kaɗa biram na Buduma, ya koya a hannunsa don kada kayan kiɗan ya mutu da mai shi. Ya rasu a 2018 bayan ya kai biram ƙasashen duniya. Mutumin da ya riga ya yi suna ya koma ɗalibi don ya ji da kyau. A mako na bakwai na kai ɗan ƙanwata wurin wani tsoho mai gurumi a wani ƙauye kusa da tafki, muka wuni. Da muka dawo ya sake sautinsa na farko da kansa, ya rage masa tsawo, ya sa shi ya riƙa tsinkewa da wuri kamar tsirkiyar gurumi. Na'urar ta iya yin hakan tun ranar da aka sayo ta. Ba ta dai da wanda zai nema daga gare ta.

Akwai kuma wata matsala da ban samo mata magani ba, kuma ya kamata kowane uba ya sani kafin ya fitar da kuɗi. Tsohon akwatin ya lalace sau uku a hannun yaron, duk sau ukun mai gyaran rediyo na kasuwa ya buɗe shi ya sake ɗan abin da ya ƙone ya karɓi kuɗin goro. Sabuwar na'ura in ƙwaƙwalwarta ta ƙone, daga nan har Damagaram, tafiyar kusan kilomita 70, da wuya ka samu mai taɓa ta, in ma ka samu babu kayan sauyi. Ka sayi sauƙin ɗauka, ka sayar da sauƙin gyara. Saboda haka shawarata ita ce kada a sayar da tsoho don a sayi sabo. A jira har kuɗin ya cika ba tare da shi ba. In kuma ba zai cika ba, to lokacin saye bai yi ba. Mu ma daga baya sai da muka nemo wani tsohon ƙaramin ampili, shi ne yanzu ke fuskantarsa a wurin biki, kuma shi ne madogara ranar da na'urar ta ƙi.

Sai kuma lafiyar kunne. Wani alherin na'urar shi ne yaro zai yi atisaye da abin sauraro ba tare da ya dami maƙwabta ba. Amma nan ma akwai haɗari, domin uwa ba ta jin yawan ƙarar da ke shiga kan ɗanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraren ƙara mai yawa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. In kana tsaye kusa da yaro kana jin abin da ke fita daga abin kunnensa, ya yi yawa. In ya dawo daga biki kunnensa na ƙugi har safiya, ya tsaya kusa da lasifika fiye da kima. Makaɗin da ya rasa kunne ya rasa jarinsa gaba ɗaya.

Ga ƴan'uwana malamai kuma ina da ƙorafi, kuma da kaina zan fara. Shekara nawa ina koyar da lantarki da karkarwar sauti a allo, yara na haddacewa su zuba a jarrabawa su manta? Wannan yaron ya zauna a ajina, ya ci jarrabawata, amma ranar da ilimin zai cece shi daga kunya bai ma san yana da alaƙa da abin da ke gabansa ba. Laifin wa? Bayan abin da ya faru na kawo jitar da na'urar aji. Na sa ɗalibai suka rufe ido, ina yanke kauri ina mayarwa, suna ɗaga hannu in sun ji bambanci. Na nuna musu tsirkiya mafi kauri tana karkarwa sau 82 a sakan, in ka danne ta a tsakiya adadin ya ninka. Wata yarinya da ba ta taɓa magana a aji ba ita ta fi kowa kamawa, har ta tambaye ni dalilin da ya sa kalangu ke sauya murya in an matse shi. Darasin da na saba yi cikin mako biyu ana hamma, ranar har aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Akwai kuma batun harshe. Duk rubutun da ke kan na'urar da littafinta Turancin Ingilishi ne, yaranmu kuwa Faransanci suka ɗan taɓa. Shi ya sa suke kwafar lambobi daga bidiyo ba tare da sun fahimta ba. A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. In har da gaske muke, to aikin ba zai tsaya a jawabi ba. Littafin da ɗan ƙanwata ya cika da hannunsa, inda ya rubuta kauri da tsakiya da kaifi da gurnani da amsa-kuwwa, shi ne bayanin wannan na'ura na farko da na taɓa gani da Hausa, kuma tuni abokansa biyu suka kwafe shi. Malamin fizik da malamin Hausa in suka zauna wuni ɗaya za su iya fitar da shafi huɗu da za su amfani kowane yaro mai hayar lasifika daga Mirya har Gure. Haka za a iya yi wa famfon sola da yanzu ke shiga garake a bakin tafki, da injin niƙa, da wayar da ke aljihun kowa. Duk matsalar ɗaya ce: kaya na isowa, bayaninsu ba ya isowa.

Kada kuma mu raina sana'ar da ke bayan dandali. Kowane biki, kowane wa'azi, kowane taron siyasa da na makaranta yana bukatar wanda ya san yadda ake sa murya ta fita ba tare da kuwwa da ƙara ba. Sau nawa muka zauna a taro lasifika na kuka, ana ta bugun makirufo da hannu? Yaron da ya iya saita jita a fili ya iya saita muryar liman ranar Idi. Ko ɗan ƙanwata ya bar jita gobe, ya riga ya samu abin da zai ci abinci da shi.

Don haka in ɗanka ko ƴarka ko ɗalibinka ya zo maka da maganar sayen irin wannan abu, kada ka ce a'a nan take, kada kuma ka ce to nan take. Ka tambaye shi me tsohon ya kasa yi masa. Ka tambaye shi wa zai gyara in ya lalace, da wace wuta zai yi aiki, wa ya taɓa amfani da shi a fili ba a ɗaki ba. Ka ce ya bayyana maka da Hausa abin da kowane maɓalli ke yi. In ya iya, ya cancanci a taimaka masa. In ya kasa, ka nema masa wanda zai koya masa kafin ka nema masa kuɗi.

Bayan ƙaramar salla aka sake kiransa biki, a unguwar da ya sha kunya. Ƙanwata ta ce ba za ta je ba, sai ga ta can baya ta lulluɓe da mayafi. Ya zo tun la'asar ya gwada kayansa kafin kowa ya taru. Injin ya yi tari sau biyu a daren, fitilu suka lumshe, manyan lasifikoki suka ɗauke suka dawo, na'urarsa kuwa ba ta mutu ba, kiɗa ya ɗora daga inda yake. Dattijuwar nan ta dangin ango tana wurin, ban ji ta tambayi tsohon akwati ba. Da aka tashi ya zo ya durƙusa gaban uwarsa ya miƙa mata abin da ya samu, ya ce, "Inna, a fara tara na rago." Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, ta dube ni ta ce, "Yaya, saura ka sa shi ya gama makarantar."

A kan wannan muke yanzu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin zama da su mu koya tare.